Zanen Goyon da Fatu Ta Raina

Akwai wata matashiya a Azare, sunanta Fatu. 'Yar Katagum ce, aure ya kawo ta gari. Mahaifiyarta, Inna Dijatu, sana'arta bandar kifin da masunta ke kamowa daga kogin Jama'are, da ita ta ciyar da Fatu tun rasuwar mahaifinta.

Da Fatu ta haihu, Inna Dijatu ta zo suna da kwandon kifi da wani ƙulli a hammata. Ana tsakiyar hidima, ƙawayen maijego sun cika ɗaki sai ƙamshi suke yi, ta kwance ƙullin. Zanen saƙi ne baƙi, ya koɗe har ya soma komawa ruwan toka, gefensa da faci.

"Ga shi ki riƙa goya Ihsan," in ji Inna. "Da shi na goya ki."

Wata cikin ƙawayen ta rufe baki tana dariya. Kunya ta kama Fatu.

"Haba Inna! Wannan ƙazamin tsumman zan ɗora wa 'yata?"

Inna Dijatu ta ninke zanenta a hankali, ta mayar cikin ƙulli. Washegari ta hau mota ta koma gida.

Tun daga nan ba ta sake takowa Azare ba. In Fatu ta buga waya, za ta amsa gaisuwa, ta tambayi jaririya, ta sa albarka, shi ke nan. Babu faɗa, amma babu hirar da suka saba.

Fatu ta shiga kewa. Ihsan ta fara zama, ta fara rarrafe, kowane sabon abu ta yi sai Fatu ta waiga kamar za ta ce, "Inna, kalli!" In ta bi ta layin masu kifi a kasuwa, ƙaurin banda ya bugi hancinta, sai ta tsaya kamar mai taya kaya, alhali gida take tunawa. Tana so ta je, kunyar abin da ta faɗa ta hana.

Wata rana da yamma ta shiga wajen maƙwabciyarta, Malama Gloria, 'yar Bogoro mai koyar da Turanci a sakandare. Ta tarar da ita tana duba aikin ɗalibai tana tsaki.

"Yaran nan sun gajiyar da ni, Maman Ihsan. Duk abin da bai yi musu kyau ba, kalma ɗaya suke liƙa masa, wai datti. Alhali a Turanci kowanne da sunansa. Abin da ya yi dauɗa daban, wanka ko wanki yake so. Wurin da ya ƙazanta har ana ƙyamarsa daban. Kayan da aka yi wa aikin ha'inci, ka saya yau ya lalace gobe, shi ma daban. Sai kuma wanda ya tsufa saboda an more shi."

Ta taɓa rigar sanyin da ke jikinta, wadda gwiwar hannunta ta sha ɗinki.

"Kin ga wannan? Ta mamata ce. Ta tsufa, amma wanda ya kira ta ƙazama sai mun ɓata. Da mai ita tana raye, ai da a ƙafa ma na tafi Bogoro."

Sai yanzu Fatu ta tuna yadda zanen ya yi ƙamshin sabulu da turaren wuta sa'ad da aka buɗe shi. Wato wanke shi Inna ta yi, ta turara, don ranar.

Ta roƙi mijinta izini, ta goya Ihsan ta nufi Katagum.

Ta sami Inna a bakin murhun banda tana juya kifi. Ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata.

"Inna, ki yafe mini. Zanen nan ba ƙazami ba ne. Ki ba ni shi."

Inna Dijatu ta ɗago ta.

"Na yafe miki tun a mota, Fatu. Zuwanki nake jira. Amma zane ba ya nan. Da damina wata Bafulatana ta haihu a rugar bayan gari, ba ta da na goyo, na ba ta. Sun tashi tuni, ban san inda suka nufa ba."

Inna ta wanke hannu, ta karɓi jikarta, ta rungume ta tana yi mata wasa.

Fatu ta sami mahaifiyarta. Amma har yau, duk Bafulatanar da ta gani da goyo a kasuwar Azare, sai ta bi bayanta da kallo.

Darasi: Tsufa ba ƙazanta ba ce, rashin tsada kuma ba rashin daraja ba ne. Ka auna kalma kafin ka jefi iyayenka da ita, domin za su iya yafe maka, amma ba duk abin da ka raina ne zai dawo hannunka ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya tuna ya je gida.