Mutumin da Ya Tuɓe wa Ɗansa Rigar Ƙwallo

An yi wani mutum a garin nan namu na Dakoro, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma da yawa cikinmu mun ci dabinonsa muna yara. Ɗan kasuwa ne mai hatsi, yana da kamyo, babbar motar kaya, da ke kai gero da wake Maraɗi, wani lokaci har ta ƙetara Najeriya. Ba marowaci ba ne, ba ya caca, sallar jam'i ba ta wuce shi. Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa, don kada wata ta ce wa'azin nan na mutanen banza ne, bai shafi gidanta ba.

Abin da ya shiga ransa shi ne ƙwallo. A lokacin ƙungiyoyi biyu ne a gari. Akwai ta Kasuwa, wadda mutumin nan ya kafa, ya sayo mata riguna kore daga Maraɗi. Akwai kuma ta Bayan Gari, wadda wani tela, Malam Hamani, ke riƙe da ita, 'yan wasanta ba su da riga sai ta jikinsu.

Malam Hamani ba ya gaggawar ɗaukar ɗan wasa. Yana zaune bakin kekensa yana kallon yara suna buga ƙwallon tsumma a lungu, shekara da shekaru. In ya ga yaro ya isa, sai ya tafi gidansu ya yi sallama, ya nemi izinin uwa da uba. Kuma yana da doka guda: wanda bai zo gayya gonar ɗan uwansa ba, ba zai taɓa ƙwallo ba, ko ƙafarsa ta zinariya ce. Har da marar gudu yake riƙewa, ya ce ai yana da amfani a baya.

Da farko mutumin namu ma haka ya fara. Samarin unguwarsa ne ke yi masa wasa, su ne kuma ke yi masa gayya da damina. Babbansu shi ne Cindo, ɗan wansa da ya rasu, wanda ya yi rainonsa tun yana rarrafe. Cindo ne mai tsaron gida. An haife shi da yatsa na shida, shi ya sa in ya cafe ƙwallo 'yan kallo ke yi masa tsiya, su ce a ƙirga yatsun, an yi musu cuta. Mutumin nan yakan yi dariya har rawaninsa ya kwance. Yana son yaron nan, wannan kowa shaida ne.

To, sai Bayan Gari suka ci Kasuwa a bainar jama'a, suka kuma ƙara. 'Yan rumfar kasuwa suka sa mutumin nan gaba da zolaya. Ya 'yan uwa, mene ne zolayar 'yan rumfa? Ba ta hana barci ga wanda zuciyarsa ke kwance. Amma girman kai ya samu ƙofa, ya shige.

Da rani ya yi, ya tafi Maraɗi. Can ya ga 'yan ci-rani masu dakon buhunan gyaɗa, ƙarti majiya ƙarfi daga ƙauyuka masu nisa, suna buga ƙwallo da yamma bayan aiki. Ya tsaya ya zaɓa kamar mai zaɓen raguna: wannan don gudu, wancan don tsawo. Bai tambayi sunan uban kowa ba, bai tambayi garin kowa ba. Ya yi musu alkawarin tuwo da wurin kwana da aiki a sitonsa, ya cika kamyo da su ya kawo Dakoro.

Da ma a gida ya kira samarinsa ya yi musu bayani, da da sauƙi. A fili ya tara su, mutane na kallo, ya ce kowa ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa baƙo. Da ya zo kan Cindo, yaron ya yi murmushi, yana zaton wasa ne.

"Har ni, Baba?"

"Har kai. Ƙwallo ba ta san dangi ba. Ba Mijinyawa rigar, ya fi ka tsawo."

"To, Baba."

Ya tuɓe, ya ninke ta, ya miƙa da hannu biyu. Ya bi ta tsakiyar kasuwa ba riga har gida.

Malam Hamani ya aika wa Cindo ya zo ya tsare wa Bayan Gari gida. Cindo ya ce a gode masa, amma shi ba zai tsaya a fili yana gaba da Babansa da ya yi masa kaciya ba. Zama a gari kuma ya gagare shi, don duk inda ya bi sai a yi shiru. Ya bi ayarin masu tafiya kudu, bai yi sallama da kowa ba sai matar Babansa.

Mutumin nan ya ce ƙuruciya ce, zai dawo. Kuma hankalinsa na wani wuri, don baƙin nan sun iya ƙwallo, ba ƙarya. Duk ranin nan Kasuwa ke ci. Ya shiga gaya wa mutane cewa ranar bikin 'yancin kai, uku ga Agusta, gaban kumandan mai mulkin gari da makaɗa, zai nuna wa tela bambancin ɗinki da saye.

Ku dubi ikon Allah. Shekarar nan ruwa ya makara a ƙasa duka. Har aka kusa biki sama ba ta zubo ba, ana ta roƙon ruwa. Baƙi suna nan suna cin tuwo, shi kuwa ya ɗauka tuwonsa ne ya riƙe su. Ɗan manomi ne shi ma, amma ya daɗe yana ganin gero a buhu, ya manta daga inda yake fitowa.

Ana saura kwana kaɗan biki hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwan shuka. Da safe ya fito ya tarar da 'yan wasansa a ƙofar gida, kowa da ƙullin kayansa, riguna kore a ninke bisa tabarma.

"Ina za ku? Wasa fa ya zo."

Mijinyawa ya durƙusa. "Maigida, mun gode da abin arziki. Amma ruwa ya zuba. Tsohuwata ba ta iya ɗaga sungumi, in ban je na shuka ba, mi za mu ci baɗi?"

Ya 'yan uwa, laifinsu ne? Wace uwa ce cikinmu ba za ta so ɗanta ya yi haka ba? Ɗan ci-rani na uwarsa ne, aro rani ya ba ka.

Yaran Malam Hamani ma manoma ne, amma gonakinsu ga su nan bayan gari. Su yi shuka da safe, su taimaki juna su gama da wuri, la'asar su zo fili da laka a ƙafa.

Mutumin nan ya ɗauki riguna ya shiga bin gidajen samarin da ya kora. A gidan maƙwabciyarmu Zainabu, uwar Harisu, ina 'yar yarinya ina jin su ta bayan zana.

"Zainabu, ki sa baki. Wasa guda ne."

"Sannu da zuwa, Maigida, ga ruwa ka sha. Harisu yana gona. Kuma ni na wanke mai hawaye ranar nan, ƙato da gemu. Wanda ya tuɓe wa ɗan cikin gidansa riga, nawa ɗan mi zai hana?"

Ba ta ɗaga murya ba. Haka aka amsa masa gida bayan gida, da ruwan sha da gaisuwa.

Ranar biki fili ya cika. Kumandan ya zauna, kalangu na tashi. Bayan Gari suka jeru a gefensu. Gefen Kasuwa kuwa mutum guda ne tsaye da buhun riguna. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Malam Hamani ne ya taka har wurinsa, ya ce a hankali, "Ara mini rigunan nan, in raba yarana biyu, kada jama'a su koma ba su ga wasa ba." Ya ba shi. Rigar mai tsaron gida kaɗai ya riƙe.

Daminar nan ba a yi masa gayya ba, don Cindo ne mai kiran samari. Ciyawa ta cinye gonarsa. Hankalinsa ya bar kasuwa, ya shiga bin garuruwan kudu yana cigiyar Cindo, har kamyon ta fita hannunsa. Amma ba wannan ne asarar ba. Gero ana sake shukawa.

Abu guda ya koya daga baƙinsa: in ruwan shuka ya zuba, kowane ɗan ci-rani gida yake komawa. Shi ya sa har yau, duk shekara in aka yi ruwan farko, za ku gan shi a tasha da rigar nan a hammata, yana duban fuskar duk wanda ya sauko daga mota. Masu tuwo-tuwo sun san shi, suna ba shi kujera. 'Ya'yan kowa na saukowa, Cindo bai sauko ba tukuna.

Ya 'yan uwa, ba ƙwallo ce ta kayar da shi ba. Ya wulakanta nasa a gaban mutane don a yabe shi a rumfa. Mu ma muna yi. Mukan ce wa yaro, dubi ɗan wance ya fi ka, kuma a gaban baƙi muke faɗa. Nawa ɗan yanzu ya fara bin tsumma a tsakar gida, yana faɗuwa fiye da yadda yake bugawa. In za ki gyara ɗanki, ja shi ɗaki. In mijinki ya fara auna shi da na wasu, gaya masa tun da wuri, cikin ladabi, amma ki gaya masa.

In kun bi ta tasha bana, ku gaishe da tsohon nan, ku yi masa addu'a. Allah ya maido masa da ɗansa yana da rai. Allah ya kiyaye mu da kunyata waɗanda ya ba mu amana, ya kiyaye bakinmu a kan 'ya'yanmu. Amin.