Gwangwanin Madarar Sadiya

Akwai wata baiwar Allah a Madarumfa, sunanta Sadiya. Jama'a, tun da aka ba ni labarinta jikina yake a sanyaye.

Mijinta Abdoul Aziz direba ne, yana jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya. Mutum ne mai jiki, tumbi har yana gogar sitiyari. 'Yan tasha sun daɗe suna ce masa Alhaji, alhali ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Sadiya kuwa wannan ƙibar ita ce abin taƙamarta, don a ganinta shaida ce ta iya riƙon miji.

Da gwiwoyinsa suka fara zafi, ga yawan fitsari da kasala, sai ya je likita, wato asibiti. Lokotoro ya auna jininsa, ya ce ya rabu da sukari in yana son kansa.

Gaskiya Sadiya ta yi ƙoƙari. Ranar ta kwashe sukarin gidan kaf ta rabar wa maƙwabta. Sai dai maigida ya ce shayi ba zaƙi ba ya wuce masa wuya. Ta yi dabara ta koma madarar gwangwani, mai kaurin nan da ke bin cokali. A shayi madara, a kunu madara, a fura madara. Kullum in zai fita ta ciro masa lemon kwalba biyu daga firigo.

Wata rana maƙwabciyarta Ladi ta shigo aron turmi, ta tarar tana tuttula madarar a kofi.

"Yaya Sadiya, wagga madara hwa da sukari aka haɗa ta. Ga shi nan rubuce jikin gwangwanin."

Sadiya ta taɓe baki. "Ke Ladi, don kin yi lakwal aji shida za ki koya mini kula da miji? Madara madara ce. Daga saniya ta hito."

Ladi ta ɗauki turmin ta fita.

Wata takwas ana haka. Tumbi sai ƙaruwa yake, Sadiya na cewa lafiya ce ta dawo. Ana nan sai ƙusa ta soki maigidan a ƙafar dama a tasha. Ciwo ɗan mitsitsi, amma mako uku ya ƙi warkewa. Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Wannan ƙafar da ita yake taka birki, da ita gidan ke ci.

Aka kwashe shi zuwa babbar likita a Maraɗi. Lokotoro ya duba takardar gwajin jini, ya ɗago a fusace.

"Ba a hana shi sukari ba?"

"Wallahi lokotoro, wata takwas ko ƙwaya ba ta shiga gidana ba!"

"To mi yake sha da safe?"

Sadiya ta zuge jaka da ƙarfin gwiwarta ta ciro gwangwanin. Ku ji fa, har gadon asibiti ta biyo shi da shi!

Lokotoro ya karɓa ya juya shi a hannu. "Hajiya, kusan rabin abin da ke cikin nan sukari ne. Lemon kwalba ma haka."

Ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Sukarin da ya yi wa jiki yawa kitse yake komawa. Kitsen ciki kuma in ya taru ba kwanciya yake yi shiru ba, kumburi yake tayarwa a cikin jiki, yana ci a hankali kamar wutar ƙaiƙayi. Daga nan jiki ya kasa sarrafa sukarin jini, jijiyoyi su lalace, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa.

Sadiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Da hannuna? Kullum da hannuna nake zuba mashi?"

Abdoul Aziz yana kwance yana jinsu, hawaye na gangara masa cikin kunne. Ita kuwa ta durƙusa ta riƙe ƙarfen gadon.

"Lokotoro, in na daina yau ɗin nan, ƙahwar za ta tsira?"

Lokotoro ya ajiye gwangwanin ya amsa.

"Ɗayar za ta tsira, in Allah ya so."

Darasi: Ƙiba ba ita ce lafiya ba, kuma ba a kwali kaɗai sukari yake zama ba, yana ɓoye cikin madarar gwangwani da lemon kwalba. In an gaya maka gaskiya a kan lafiyar iyalinka, kada ka raina mai faɗa, ka je ka tambayi masana tun da sauran lokaci. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai gidan da irin wannan gwangwanin yake buɗe yanzu haka.