Zarton Wata Tara

Akwai wani tsohon kafinta da kowa ke kira Baba Awo, saboda ba ya yanka katako sai ya auna shi sau uku. Matarsa ma cewa take, ko burodi zai yanka wa jikokinsa sai ya kanne ido ɗaya ya duba ko ya miƙe.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a shago ɗaya, a kan teburin da ke jikin taga, inda hasken safe ke sauka daidai kan layin fensir. Wannan teburi na babban kafinta ne. Ya yi wa mai shagon na farko aiki har Allah ya karɓi ransa, yanzu kuma ɗansa yake yi wa.

Aiki yana shigowa shagon, masu yin sa ne babu. Matasan garin sun fi son aikin zama gaban kwamfuta, wanda ya zo koyo kuwa da sartse ya soke shi sau biyu sai a nemi shi a rasa.

Da abin ya ishi mai shago, sai ya tafi ofishin ƙwadago ya cike takardu, ya nuna ya yi wata shida yana cigiyar kafinta bai samu ba. Aka ba shi izinin ɗauko ma'aikaci daga wata ƙasa, na tsawon wata tara.

Ranar da baƙon ya iso, Baba Awo ya dube shi sama da ƙasa. Siririn mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da jaka ɗaya a kafaɗa, da wani abu dogo naɗe cikin tsumma.

"Wata nawa aka ce za ka yi?"

"Tara, Baba."

"To, Wata Tara, ga wurinka can."

Ya nuna masa teburin bakin ƙofa, inda iska ke tara duk ƙurar katakon shagon. Sunan kuwa ya bi shi tun daga ranar.

Da baƙon ya warware tsummansa sai ga zarto, amma ba irin wanda aka sani ba. Bakinsa siriri ne, mariƙinsa dogo a miƙe kamar na wuƙa. Abin da ya fi ba Baba Awo dariya shi ne yadda yake ci. Kowa ya san zarto turawa ake yi ya yanka, shi wannan sai an jawo shi.

"Ikon Allah. A garinku komai da baya da baya kuke yi? Ina fata ba da baya kuke shiga ɗaki ba."

Wata Tara ya yi murmushi. "Haka muka tarar ana yi, Baba."

Gaskiya dattijon nan bai kyauta ba. In an dafa shayin hantsi, sai ya zuba nasa ya mayar da butar gefensa. In baƙon ya tambayi inda ake ajiye gam, sai ya nuna masa da haɓa. Shi kuwa bawan Allah kullum shi ne farkon zuwa, ya share shagon har ƙarƙashin teburin taga, ya gaishe da Baba da hannu biyu.

Abin da ke cin Baba Awo a rai ba baƙon ba ne, kafaɗarsa ce ta dama. Ta kusa shekara tana damunsa. Duk turawar zarto ɗaya sai ya ji kamar an soka masa ƙusa. Ya san ranar da mai shago ya gane, ranar zai bar teburin taga, shi kuma bai san me zai yi da kansa ba in gari ya waye babu shago. Don haka yake kallon baƙon a matsayin wanda aka kawo ya gaje shi.

A gida matarsa tana shafa masa man zafi tana faɗa.

"Maigida, likita ya ce ka rage tura abu mai nauyi, kai kuma ka mayar da maganarsa iska. Wannan bawan Allah da kake hantara, shi ya murɗe maka kafaɗar?"

"Ke ba ki san komai a harkar ba."

"Na san dai da hagu kake ɗaukar kofi yanzu."

A wata na biyar aka kawo babban aiki: tsofaffin kujeru arba'in na wani ɗakin karatu, za a gyara su. Haɗinsu na da ne, babu ƙusa ko ɗaya, katako ne ke shiga cikin katako. Inji ba ya iya irin wannan yanka, sai hannu.

Nan asiri ya fara tonuwa. Baba Awo ya auna sau uku kamar kullum, amma da ya tura zarto sai kafaɗar ta ƙi, yankan ya karkace. Ya ɓata katako uku a kwana biyu. Ya tura su ƙarƙashin teburi ya jingina buhu a kai, ya manta wanda ke share wurin kowace safiya.

Kwana na uku ya ga mai shago ya kira Wata Tara ofis, an rufe ƙofa. Ta gilashi ya hango mai shago yana magana yana nuna teburin taga. Ya ce a ransa, shi ke nan, ya kai ƙarata.

Washegari ya zo da shirin a sallame shi. Sai ga Wata Tara ya tsaya gabansa, riƙe da zarton nan hannu biyu.

"Baba, ina neman taimako. Na wasa shi jiya, amma ban tabbata ya yi ba. Idona bai kai naka ba. Ka gwada mini."

Baba Awo ya so ya ƙi, amma an ce idonsa ya fi, kuma wannan magana ba ya iya jin ta ya yi shiru. Ya karɓa yana yatsina fuska, ya ɗora kan layi, ya tura. Zarton ya lanƙwashe.

"Kar ka tura, Baba. Ka jawo shi wajenka. A hankali. Kar ka danna, nauyinsa ya isa."

Ya jawo. Zarton ya shige katakon sumul. Ya sake jawowa, yana jiran ƙusar nan ta soke shi a kafaɗa, shiru. Bayansa da gwiwar hannunsa ne ke aikin. Da gutsuren ya faɗi ya ɗauka ya kanne ido ɗaya. Yankan ya miƙe sak.

Ya daɗe yana juya katakon a hannu.

"Ya wasu," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Amma bar shi a nan, sai na ƙara gwadawa."

Gwajin nan bai ƙare ba har aka gama kujeru arba'in. Wata Tara ya koma amfani da tsohon zarton Baba, yana turawa yana haɗa gumi, bai taɓa cewa a mayar masa da nasa ba. Butar shayi kuwa ta koma tsakiyar shago da kanta. Har ta kai matar Baba tana zuba abincin rana na mutum biyu, tana cewa, "Ka kai wa mai shiga ɗaki da baya."

Ranar da wata tara suka cika, baƙon ya haɗa jakarsa. Baba Awo ya naɗe zarton cikin tsummansa ya miƙa masa.

"Naka ne, Baba. A gida akwai wani."

Bayan an raka shi tasha sun dawo, mai shago ya zauna a gefen teburin taga.

"Baba, akwai abin da ya roƙe ni kar in faɗa sai ya tafi. Ni na ga katakon nan uku da idona, ba shi ya nuna mini ba. Ranar da na kira shi ofis, ce masa na yi ya karɓi teburinka. Da ya karɓa, da na nema masa takardar zama mai tsawo, har ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa."

"Me ya ce?"

"Ya ce in ba shi mako biyu. Wai hannunka lafiya lau yake, zarton ne bai dace da shi ba. Ya ce ba zai iya zama a wurin mutumin da bai tashi ba."

Kunya ta rufe Baba Awo, ya tuna butar shayi da nuni da haɓa, ya ji idonsa ya cika. Wata biyar yana gadin teburinsa daga mutumin da ya tsare masa shi.

Da safe ya saka rigarsa mai kyau, ya tsaya ƙofar ofis.

"Tashi mu je ofishin ƙwadagon nan. Ni zan faɗa musu da bakina, shekarata talatin da ɗaya a sana'ar nan, kuma shagon nan ba ya tafiya da hannu ɗaya. Su dawo mana da shi, da iyalinsa."

Takardu sun ci wata huɗu kafin su fito. Amma tun a makon farko Baba Awo ya sa aka kama masa teburin bakin ƙofa, aka jawo shi jikin taga kusa da nasa. Sai da ya auna sau uku, don hasken ya raba daidai.

Darasi: Wanda ya baro ƙasarsa ya zo cike gurbin da babu mai cikewa ba abincinka ya zo ƙwacewa ba. Kada ka raina yadda wani ke aikinsa don ba haka ka saba ba, wataƙila maganin ciwonka yana naɗe cikin tsummansa. Ka tura wa duk wanda ke aiki tare da baƙo, ko wanda shi kansa baƙo ne a ƙasar wasu.