Wasa Shida na Lantana Doguwa

A birnin Zariya an yi wata attajira, Hajiya Delu, wadda ta kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata. Kocinta wani dattijo ne, Malam Barau, wanda ya buga ƙwallon tun ana yin ta a kan dandaryar ƙasa. Wata shekara, da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa, Malam Barau ya tsallake yaran da kowa ke yabo, ya ɗauko wata yarinya daga Ikara mai suna Lantana. Shekarunta goma sha bakwai, tsawonta kuwa sai ta sunkuya take shiga ɗaki.

Lantana ta buga wasa shida na gwaji, babu wanda ta yi abin kirki. In ta jefa ƙwallo goma, da ƙyar biyu su shiga. In ta yi gudu ƙafafunta su sarƙe, 'yan kallo su yi ta dariya. Ana saura kwana biyu a rufe rajistar 'yan wasa, Hajiya ta kira koci gidanta da hantsi.

Ta ce, "Malam, na gaji da jin kunya. A sallami yarinyar nan, a sa wata a gurbinta."

Malam Barau ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙungiya taki ce. Amma ina tsoron kada mu yi abin da Sarkin Fawa ya so ya yi wa Nomau."

Hajiya ta ce, "Wane ne Nomau, kuma yaya labarinsa yake?"

Malam Barau ya gyara zama ya ce:

A wani gari na ƙasar Gumel an yi wani tsohon ɗan dambe, Jatau, wanda Sarkin Fawa ya ɗora wa horar da samarin mahauta. Cikinsu akwai Nomau, saurayi mai dogon hannu, marar yawan magana. Da kaka ta yi aka fita dambe ƙauyuka, aka sa shi sau uku, sau ukun duk aka kayar da shi. Sarkin Fawa ya ce wa Jatau, "Kwance masa zaren hannu, ya koma wankin hanji. Ya ishe mu zubar da mutunci." Jatau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, bari in faɗa maka abin da na gani a gidan mahaifiyata, sannan ka yanke." Sarkin Fawa ya ce, "Ina jin ka."

Jatau ya ce, "Mahaifiyata maginiyar tukwane ce. An taɓa kawo mata 'yan mata biyu su koya. Ɗaya hannunta da kyau tun ranar farko, tukwanenta sumul, amma duk gashi sai an sami biyu ko uku sun tsage a gindi. Ɗayar, Tabawa, tukwanenta karkatattu, rabi ba sa fitowa daga wuta da rai. Maƙwabta suka ce a mayar da Tabawa gidansu. Mahaifiyata ba ta mayar da ita ba. In an kwashe gashi, sai ta zauna ta tsince tsingaron tana jujjuyawa. Na tambaye ta me take nema a fasassun abubuwa. Ta ce, 'Wancan makon na Tabawa a gindi suka tsage. Wannan makon gindin ya yi kyau, a wuya suka tsage. Ita waccan, wata huɗu ke nan, kullum a gindi, kuma ba ta taɓa ɗaukar tsingaro ta duba ba.' Bayan shekara uku, randar Tabawa ake fara tambaya a kasuwa. Kai ma, Sarkin Fawa, faɗuwar Nomau ka ƙirga, ba ka dubi inda ya tsage ba. Karon farko haɓarsa ya bari a buɗe. Na biyu ya tsare haɓa, aka kwashe masa ƙafa. Na uku ya tsare duka biyun, numfashi ne ya yanke masa. Ba a taɓa kayar da shi ta hanya ɗaya sau biyu ba."

Sarkin Fawa ya bar shi. Nomau bai zama gagara-badau ba, amma ya yi shekara goma sha ɗaya a fage, kuma duk wanda aka haɗa su sai ya yi tunani kafin ya shiga.

Malam Barau ya dubi Hajiya ya ce, "Ranki ya daɗe, ke allon maki kike kallo, ni yarinyar nake kallo. A wasan farko sau bakwai aka ƙwace mata ƙwallo ta hannun hagu. A na shida ko sau ɗaya. Da can tana guje wa mai tunkaro ta, yanzu tana tsayawa. Cikin shekara guda tsawonta ya ƙaru da kamar tafin hannu, ƙafafunta ba su gama sanin jikin da suke ɗauke da shi ba."

Hajiya ta ce, "Ka ba ni tabbacin za ta yi fice?"

Ya ce, "Ba ni da shi. Jifarta har yau ba ta gyaru ba, kuma na ga dogaye da yawa da gwiwa ta kashe musu wasa. Abin da na sani, duk wasan da aka tashi sai ta biyo ni ta tambayi inda ta yi kuskure, kuma ba ta maimaita shi."

Hajiya ta ce, "Ita ta san ina shirin sallamarta?"

"Tun jiya ta ɗaure jakarta. Ta ce ba ta so a sha wahalar faɗa mata. Amma yau da safe na same ta a fili tana jifa."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Na yi gaggawa, Malam. Ka rubuta sunanta a rajista. Ranar Asabar kuma ka ajiye mini kujera kusa da taka, ka riƙa nuna mini abin da kake gani. Yanzu tashi ka je, ka ce mata ta kwance jakar."