Santin Jatau a Birnin Tukwane Dubu

A zamanin da, a birnin Gauraka mai ganuwa bakwai, an yi wani sarki mai suna Barmo ɗan Gwabro, jarumi, gagara-gasa, wanda ko a mafarki maƙiya ba sa fatan gamuwa da shi. Tun ranar da Allah ya yi wa matarsa rasuwa abinci ya fita daga ransa. A kai masa akushi ɗaki, a ja ƙofa kamar yadda ake yi wa sarakuna, a dawo a ɗauke shi yadda aka ajiye. Sarki ya rame, ya ƙanjame, har rawani ya fara yi masa nauyi. Masu magani suka ce in ba a samo zumar Birnin Tukwane Dubu na aljanu cikin kwana arba'in ba, to, sai dai a fara ba juna haƙuri.

Ɗansa Jatau ya ce shi zai je. Jatau kuwa saurayi ne kyakkyawa, mai zuciya, mai ladabi, aibinsa ɗaya tak: in abinci ya yi masa daɗi bakinsa ba ya rufuwa, ya dinga zuba santi ke nan har sai an janye kwano. Kakarsa, Iya Tabawa, ta ƙulla masa guzurin garin dawa da kuka da daddawa, shi kuwa don kunyar warin daddawar ya cusa ƙullin can ƙasan jaka.

Ya keta dajin da itatuwansa ke yawo, ya haye kogin da ruwansa ke hawa tudu, ran kwana na bakwai da hantsi ya isa fadar Zarƙabu, sarkin aljanu, dogo, dirkeke, mai gemu har gwiwa. Zarƙabu ya ji buƙatarsa, ya sa aka ba shi tulun zuma, sa'an nan ya ce, "Ɗan sarki, baƙo ba ya barin garin nan da yunwa."

Aka jera akusa. Ga shinkafa mai ruwan zinariya wadda kowace ƙwaya da irin ɗanɗanonta, ga naman tsuntsu da aka turara da itacen ƙamshi, ga wani abin sha na furanni mai sanyi kamar ruwan sabuwar randa. Wani tsohon falke mai suna Agali, da ke zaune kusa da shi, ya zungure shi ya ce, "Ɗana, ci ka yi shiru." Ina! Loma ta uku ba ta gama wucewa ba Jatau ya lumshe ido ya ce, "Wanda ya sami wannan me zai koma yi gida? Ni dai nan na ga wurin zama."

Wani aljani mai kunnuwa kamar faifai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, an ji, an kama."

Zarƙabu ya ce, "Dokarmu ce tun kaka da kakanni, abin da baki ya faɗa a kan kwano shi ne gaskiyar zuciya, kuma ba ya tashi. Ka zauna, ɗan sarki, mun karɓe ka."

Jatau ya rungumi tulu ya nufi ƙofar gari a guje, amma duk hanyar da ya bi sai ta lanƙwasa ta dawo da shi gaban akusan nan. Ya gwada gabas, ya gwada yamma, ya hau ganuwa ya dira, ya tsinci kansa a kan tabarmar da ya tashi. Agali ya ce masa, "Shekarata sittin a nan, ɗana. Ni ma romo na yaba." Kwanaki suka yi ta zubewa, Jatau na ƙirga su yana kuka, ga maganin ubansa a hannu, ga kwaɗayinsa ya ɗaure masa ƙafa. Abincin da ya ruɗe shi ya gundure shi.

Ran kwana na talatin da uku kewar gida ta ci ƙarfinsa. Ya zazzage jaka, ƙullin Iya Tabawa ya faɗo. Ya roƙi tukunya, ya tuƙa tuwon dawa, ya kaɗa miyar kuka, ba don wata dabara ba, sai don ya ji warin gidansu ko sau ɗaya. Warin daddawa ya bi lungu-lungu har ya shiga hancin Zarƙabu, wanda shekara dubu bai san komai ba sai zaƙi da maiƙo. Sai ga shi da kansa, fadawa na biye.

"Ɗan sarki, mene ne wannan mai wari haka?"

"Ranka ya daɗe, abincin talakawanmu ne. Bismilla."

Zarƙabu ya gutsura a yatsine. Ya sake gutsura. Ya naɗe hannun riga, ya gyara zama, miya na bin gemu, ya ce, "Kai, mai wannan miya, ai ko ina gidansu yake sai in bi shi."

Mai kunnuwan faifai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, an ji, an kama."

Dole hanya ta miƙe, don ba a bin mutum gida sai ya tafi gidan. Jatau ya roƙa aka saki Agali, ya riƙo hannunsa, Zarƙabu ya ɗauke su a kafaɗa, kafin la'asar suna Gauraka.

Suka tarar da Sarki Barmo kwance, numfashi sama-sama, ga akushin tuwo a gefe ba a taɓa ba. Kafin Jatau ya kwance bakin tulu, Zarƙabu ya yi sallama ya zauna, ya jawo akushin, Agali ya sa hannu yana hawaye. Sarki, wanda tun rasuwar matarsa ba wanda ya zauna cin abinci a gabansa, ya yi ta kallon yadda suke kai loma. Can ya yunƙura ya ce, "Bayin Allah, a gidana za ku cinye ku bar ni?" Ya matso ya sa hannu.

Sarki ya murmure, tulun zuma kuwa na nan har yau ba a buɗe ba. Da Jatau ya gaji sarauta, ya hana a ƙara ja wa sarki ƙofa lokacin cin abinci, shi kuwa duk daɗin miya, abin da ake ji daga bakinsa bai wuce alhamdu lillahi ba.