Manomin da Ya Ce "Da Sauƙi"

Akwai wani manomi mai taurin rai, irin mutanen nan da ko fartanya ta sare musu ƙafa sai su ɗaure da tsumma su ci gaba da noma. Ana cikin girbin gero ciwon ciki ya kama shi. Ya daure har ya kasa miƙewa, sai matarsa Damaris ta sa aka kai shi asibiti a kan babur.

Likita ta ce, "Sannu, Baba. Yaya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Kai, jama'a! Mutum yana haɗa gumi, ya dunƙule wuri guda, wai da sauƙi!

Likita ta ce, "Baba, a aikinmu kowane ciwo da siffarsa: inda yake, ko suka yake ko murɗa, da abin da ke tsananta shi. Da siffar muke gane shi."

Ya ce, "Ciwon ciki ne kawai, 'yata. Ba ni ƙwaya in koma, tsuntsaye na cinye mini gero."

Sai Damaris ta matso ta ce, "Likita, ni zan faɗa. A cibiya ya fara, nan yake dafewa. Jiya hannunsa ya sauka ƙasa ta wajen dama. Ya ƙi tuwo, ya yi amai a bayan rumbu, yana tsammani ban gani ba. A hanya kuwa, duk ramin da babur ya faɗa sai ya cije leɓe."

Likita ta danna wurin, jarumin namu ya kwarma ihu. Ashe wani ɗan sashe na hanjinsa ne ya kumbura, yana gab da fashewa. Ran nan aka yi masa tiyata, ya rayu. Gaskiya matar nan ta burge ni. Ba ta karanci likitanci ba, ƙauna ce ta sa ta lura.

Ma'anar wannan misali ita ce, mu ne manomin nan. Mukan durƙusa mu ce, "Ya Ubangiji, ka gafarta mana zunubanmu," mu tashi, ba mu ambaci ko ɗaya ba. Hassada ce? Gaba ce da ɗan'uwa? Yaushe ta fara, me ke tayar da ita? Albarka ta tabbata ga mai irin idon Damaris, wanda yake ganin ciwon da ɗan'uwansa ke ɓoyewa.

Ya ɗan'uwa, Yesu Babban Likita yana tambayarka yau. Kada ka ce masa da sauƙi. Ka ɗora hannu inda ke yi maka ciwo.