Ranar da Manhajar Jini Ta Ƙi Tashi

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

Abokai uku ne suka rubuta wa wani asibiti manhajar da ke kan babbar kwamfutarsa, wadda ke faɗin rukunin jinin kowane majinyaci. Barira, mai taurin kan tsiya, ta kafe cewa in manhajar ta ga kuskure a saitinta lokacin tashi, to kada ta tashi sam. Mudassir ya sa ta riƙa faɗin abin da ya hana ta tashi da maganar mutane, ba da lambobi ba. Lawandi kuwa, wanda ko tsohon takalmi ba ya iya yarwa, ya sa ta adana saiti na ƙarshe da ya yi aiki lafiya.

Rannan Barira na bakin aiki a asibitin aka shigo da ƙanwarta Uwani, ta haihu jini ya ɓalle mata. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Da janareta ya kama, kwamfutar ta kunnu, amma manhajar ta ƙi tashi.

Likita ya leƙo a fusace. "Malama Barira, ki tilasta mata ta tashi mana! Ƙanwarki ce fa a kwance."

Tana da ikon yin hakan, kuma ranta ya so. Tsoro ya cika ta, ta tsani dokar da ita da kanta ta kafa. Sai ta daure ta karanta saƙon da Mudassir ya sa manhajar ta riƙa fitarwa: an juya saitin zuwa ma'ajiyar bayanai ta gwaji, inda ake koya wa sababbin ma'aikata aiki da majinyatan ƙarya. Mai koyarwar ya manta bai mayar ba. Mabuɗin sirri na ma'ajiyar gaskiya kuma, wanda sai da shi za a gyara saitin, yana hannun shugabansu, ga wayarsa a kashe.

Nan ta tuna ajiyar Lawandi. Ta dawo da tsohon saitin, wanda dama yake haɗe da ma'ajiyar gaskiya, manhajar ta tashi, aka sa wa Uwani jinin da ya dace bayan har an fara yi mata kalmar shahada. Allah ya yi da sauran kwananta.

Daga baya Barira ta leƙa ma'ajiyar gwajin. Lambar katin Uwani na nan a kan wata majinyaciyar ƙarya, mai wani rukunin jini dabam. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

To, tsakanin wadda ta hana manhajar tashi, da wanda ya sa ta faɗi dalili, da wanda ya ajiye hanyar komawa, wa Uwani za ta fara yi wa godiya?